Hannun Ƙarfe Mai Ɗaga Shara: Abubuwan Tsaro Da Ke Jikinsa Da Dalilin Sa Su

Garin Keffi, wanda Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, bai taɓa ganin cikar jama'a irin ta wannan zamani ba. An mai da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991, tsakaninta da Keffi kuwa kamar kilomita 50 ne kawai. An ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, bayan 'yan shekaru kuma aka kafa jami'ar jiha a garin. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta tuɗaɗowa, tun daga Mararaba da Masaka har cikin Keffi. Inda mutane suka yawaita, shara ta yawaita. Abin da ake kwashewa da kwando da amalanke a da, yanzu sai da mota mai ɗaga kaya da kanta.

Irin waɗannan motoci sun rage wa leburori wahala ƙwarai, amma sun zo da nasu haɗarin. Hannun ƙarfen da ke cira ganga mai nauyin rabin tan sama cikin 'yan daƙiƙu ba ya rarrabe ganga da hannun mutum. Saboda haka masu ƙera motocin suka sa musu waɗansu abubuwan tsaro, waɗanda ya kamata direba da yaran mota da makanike, har da mutanen unguwa, su san amfaninsu.

Yadda hannun yake ɗagawa

A garuruwa irin su Keffi ana kwashe shara da motoci iri uku. Akwai tifa, wadda ake lodinta da shebur, ta je juji ta ɗaga bodi ta zubar. Akwai mai ɗaukar babban akwatin ƙarfe da sarƙa ko ƙugiya ta aza a bayanta. Akwai kuma mai matse shara, wadda ke da hannu a baya mai kama ganga ya kife ta a cikin mazubi, sa'an nan wani faifan ƙarfe ya ja sharar ciki ya danne. Kamfanin Gar Wood na Amurka ne ya fito da irin wannan ta uku a 1938.

Dukansu da ƙarfin mai suke aiki, watau man haidirolik, irin wanda ke cikin jak ɗin ɗaga mota. Injin yana juya famfo, famfo ya tura mai ta cikin tiyo zuwa silinda, mai ya tura fistin, fistin ya ɗaga hannu. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa ruwan da aka tsare a wuri guda, in aka matsa shi, matsin yana isa ko'ina daidai. A waɗannan motoci matsin yakan kai kilo 200 a kan kowane wuri mai faɗin farcen yatsa, watau kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Fistin mai faɗin santimita 8 kacal, da irin wannan matsi, yana iya tura nauyin tan 10.

To, ga abin da ya fi kome muhimmanci a wannan darasi. Duk abin da mai ya ɗaga, mai ne kaɗai ke riƙe da shi a sama. Ba ƙusa, ba sakata, ba walda. Tsakanin murfin bayan mota da kan mutumin da ya shiga ƙarƙashinsa babu kome sai man da ke cikin silinda da tiyon roba da rana ta daɗe tana gasawa. Ran da tiyon ya fashe, mai ya tsiyaye, kaya ya dawo ƙasa kafin mutum ya ɗaga ƙafa. Yawancin abubuwan tsaro an yi su ne domin wannan rana.

Bawul biyu

Na farko shi ne bawul mai hana kaya faɗowa. Ana ɗaura shi a jikin silinda kanta, ba a tsakiyar tiyo ba, domin in tiyo ya fashe mai ya fara gudu fiye da kima, sai ya rufe nan take ya tsare sauran man a ciki. Hannun zai tsaya cik inda yake. Bawul ne ɗan ƙarami, ba a ganin aikinsa shekara da shekaru, shi ya sa makaniken da bai san shi ba yakan cire shi in ya toshe da datti, ya haɗa tiyo kai tsaye. Motar za ta ci gaba da aiki lafiya lau, har ma ta ƙara sauri wajen saukewa, babu wanda zai gane an cire kome.

Na biyu shi ne bawul mai rage matsi. In nauyi ya wuce abin da aka yi hannun dominsa, sai ya buɗe ya mai da man cikin tanki, hannun ya ƙi ɗagawa. Direba da yawa kan ɗauka ƙarfin motar ne ya ragu, alhali kuwa motar tana faɗa masa ne kayan sun fi ƙarfinta.

A nan akwai wani abu da ya shafi ƙasar nan musamman. Da yawa daga motocin da gangunan daga Turai aka kawo su, waɗansu sababbi, waɗansu na hannu. A ƙa'idar Turai mai lamba EN 840, ganga mai cin lita 240 an yi ta ne domin kaya kilo 96, babba mai ƙafa huɗu mai cin lita 1,100 kuwa domin kilo 440. An yi wannan lissafi ne da sharar can, wadda takarda da kwali da roba suka yi mata yawa. Sharar kasuwa da ta tsakar gida a nan kuwa cike take da ƙasa da toka da ɓawon doya da ruɓaɓɓen kayan gwari, ga ruwan damina ya sauka a kai. In aka cika ganga mai lita 1,100 da jiƙaƙƙen yashi, nauyinsa ya kusa tan 2, watau ya fi ninki huɗu na abin da aka tanada. Maganin wannan shi ne a rage kayan da shebur. Amma abin da aka fi yi shi ne a kira makanike ya ɗaure bawul ɗin tam har hannun ya ɗaga. Daga ranar, nauyin da bawul yake hanawa ya koma kan tiyo da ƙusoshi da walda, kuma ɗaya daga cikinsu zai saki.

Maɓallan da ke bayan mota

Maɓallin ɗaga ganga an yi shi ne yadda ba zai yi aiki ba sai yatsa yana danne da shi. Da zarar an sake shi, hannun ya tsaya. Hikimar ita ce, mutumin da ya firgita ko ya zame, abin da yake fara yi shi ne sakin abin da ke hannunsa. Har wa yau an ajiye maɓallin a gefen mota, inda mai dannawa yake ganin gangar amma ba ta iya kai masa. Yaran mota sukan gaji da dannawa, sai su cusa tsinke ko su ɗaure shi da roba domin hannayensu biyu su samu damar gyara ganga tana tafiya sama. Wanda ya yi haka ya bar wurin da aka tsara masa ya koma daidai wurin da ake gudun ya tsaya.

Jan maɓalli mai kan lema shi ne na tsayar da kome. Akwai shi a gefe biyu na baya da kuma gaban direba, ana buga shi da tafin hannu ko gwiwar hannu, ba ya komawa sai an ja shi da gangan. Motocin da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 1501 suna da wani kuma rawaya, na ceto, wanda ke ɗaga faifan matsa shara ya saki abin da ya danne. Sanin bambancinsu wajibi ne, domin ja tsayarwa kawai yake yi. In faifan ya riga ya kama hannun mutum, ja zai bar shi a danne, rawaya ne zai sake shi. Kowane sabon yaron mota a nuna masa su biyun tun ranar farko, a sa shi ya danna da hannunsa.

Matokari

In mota mai matse shara ta je juji, murfin baya gaba ɗayansa ake ɗagawa, da mazubi da faifai da hannu, domin a turo sharar waje. Nauyinsa ya fi tan guda nesa ba kusa ba. Sau da yawa leda ko waya takan maƙale a bakin bodi ta hana murfin rufuwa, sai yaron mota ya sunkuya ya shiga ya cire. Haka ma makanike yakan zura kansa tsakanin bodin tifa da shasi domin ya duba inda mai ke ɗiga.

Domin wannan ne aka sa matokari, watau sandar ƙarfe da ke liƙe a jikin motar, wadda ake miƙewa a sauke nauyin a kanta kafin kowa ya shiga. Shi kaɗai ne a cikin abubuwan tsaron da ba ya dogara da mai ko lantarki. A sauke murfin har ya zauna a kan matokarin sosai, domin matokarin da aka tsayar amma nauyi bai hau shi ba yana iya gocewa. Icce ko bulo ko tsohon rim ba sa maye gurbinsa. In ya karye ko an sace shi, motar ba ta da halin a shiga ƙarƙashinta sai an ƙera wani mai kaurin na farko.

Kashe inji ma bai isa ba. Man da ke cikin silinda yana nan da matsinsa muddin akwai nauyi a kai, kuma wanda ya kwance tiyo a wannan hali shi ya saki kayan da hannunsa. Sai a sauke kome ƙasa ko kan matokari, a kashe inji, a motsa sandunan sarrafawa gaba da baya har matsin ya fita, mai gyara kuma ya zare makullin mota ya sa a aljihunsa. Makullin da ke aljihun wanda ke ƙarƙashi ba mai iya tayar da mota da shi bisa kuskure.

Wani haɗarin da ba a cika sani ba shi ne na hudar tiyo mai ƙanƙanta kamar bakin allura. Man da ke fita ta nan yana huda fata ya shige cikin nama. Ciwon ba ya nuna kome da fari, kamar sukar ƙaya, amma cikin sa'o'i kaɗan yatsa ya fara ruɓewa, har ta kai ga yankewa. Kada a lalubi yoyo da hannu, sai da guntun kwali. Wanda abin ya same shi a kai shi babban asibiti nan da nan, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a kuma gaya wa likita cewa mai ne ya shiga da matsi, domin aikin fiɗa ne, ba na a wanke a ɗaure ba.

Sarƙa, ƙafafu da wayar lantarki

Hannun ɗaga ganga yana da haƙora da ke shiga ƙarƙashin leɓen gangar, da wani ƙarfe da ke danne leɓen daga sama sa'ad da take kifewa. Ganga mai tsagaggen leɓe ko durom ɗin da aka yanka ba sa zama a kan haƙoran, suna iya suɓucewa daga sama. Mota mai ɗaukar akwati kuwa tana da ƙafafu biyu a baya da ake saukewa kafin a ɗaga, in ba haka ba gabanta ya tashi. A ƙasa mai laushi, kamar bakin kwata da damina, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun. Sarƙar da aka ƙulla, ko aka haɗa da ƙusa, ko aka yi mata walda, ta tashi daga aiki.

Kafin a ɗaga bodi ko akwati, direba ya dubi sama. Wayoyin lantarki masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000 suna bin gefen tituna, wutar kuwa tana iya tsallakowa tun ƙarfe bai taɓa waya ba. In ta kama motar, direba ya zauna ciki, na ƙasa su nisanta, har a ɗauke wuta.

Matakin da yaran mota ke tsayawa a baya shi ma yana da tsaronsa. A ƙa'idar Turai, in akwai mutum a kai, motar ba ta wuce kilomita 30 a awa, ba ta kuma shiga ribas. A Amurka ƙa'idar ita ce kada a hau shi in gudun ya wuce mil 10 a awa. Daga unguwa zuwa juji, a kan babbar hanyar Abuja zuwa Akwanga, wurin yaran mota shi ne gaba tare da direba.

Abin da doka ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a rubuta iyakar nauyin da kowane abin ɗaga kaya zai ɗauka, ƙwararre kuma ya duba sarƙoƙi da igiyoyi da ƙugiyoyi aƙalla sau ɗaya a wata shida. Ko da yake domin masana'antu aka rubuta ta, ma'auni ne da ya dace kowace ƙaramar hukuma da ɗan kwangilar shara su riƙe. A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta ƙara fito da ƙa'idoji na musamman kan kayan ɗaga nauyi.

Mutanen unguwa ma da nasu. Ƙasa da ɓaraguzan gini da toka mai wuta ba na ganga ba ne. Yara da masu tsintar gwangwani su ja baya in hannun ya fara motsi, kada kowa ya miƙa hannu cikin mazubi domin ciro wani abu.

In kuwa tsautsayi ya auku, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki haƙƙin magani da diyya ta hannun hukumar NSITF, in ya rasu kuma a biya iyalinsa. Kuɗin daga aljihun mai aikin suke fitowa, kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a yanke su daga albashin lebura. Ma'aikacin ko danginsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7.