MURFIN TANKIN INJIN BAN-RUWA: YADDA ZA A GYARA SHI YA RUFE SOSAI

Jama'a manoman rani na Aujara da sauran fadamun ƙasar Jahun, idan damina ta wuce aka fito da injin ban-ruwa daga ɗaki, akan duba fulogi da tiyo da baƙin mai. Abin da aka fi mancewa da shi shi ne murfin tankin fetur. Ga shi ɗan ƙarami, amma yana iya tsai da inji ranar da albasa ko alkama ke tsananin bukatar ruwa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, man da ke tsiyaya ta bakin tanki kuɗi ne masu ciwo.

AIKIN MURFI

Murfi yana hana mai fita, yana hana ƙurar hunturu da raɓa shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ko ɗigo ne ya shiga sai ya kwanta a gindin tanki, ya kawo tsatsa, daga nan ya gangara cikin kafireta. Sai ka ji inji yana tari yana mutuwa.

Amma fa a lura, tilas ne tanki ya yi numfashi. A jikin murfin akwai wata 'yar kafa, kamar bakin allura, inda iska ke shiga ta cike gurbin man da inji ya sha. In ta toshe, mai ba zai sauka ba. Nan ne da yawa ke yin kuskure. Murfi ya ɓata a gona, sai a ɗaure bakin tanki da leda da roba tam, inji ya yi aiki kaɗan ya mutu, a kwashe shi zuwa wurin makanike a biya kuɗi a banza. Wasu kuma tsumma suke cusawa. Wannan ya fi muni, don yana jiƙewa da mai, tartsatsi ɗaya ya isa.

Gwajin ba wuya. Idan inji ya mutu alhali da mai a ciki, sassauta murfin ka sake tayarwa. In ya ci gaba da aiki lafiya, to, kafar ce ta toshe. Wanke murfin da fetur mai tsabta, ka bar shi ya bushe.

YADDA ZA KA GYARA

Kashe inji, bari ya huce. Goge kewayen bakin tanki kafin ka buɗe, don kada yashi ya faɗa ciki. Ciro 'yar rariyar da ke bakin tankin ka wanke ta. Sa'an nan ka juya murfin ka duba zoben robar da ke cikinsa. In ya bushe, ko ya tsage, ko ya lotse, lokacinsa ya wuce.

Kada ka yanko robar tif ɗin taya ka maye gurbinsa. Fetur yana kumbura ta, ta yi laushi, gutsattsarinta su toshe hanyar mai. Haka gam da sabulu. Nemi zoben da aka yi domin fetur wurin masu sayar da kayan inji a Dutse ko Kano. Tafi da tsohon murfin a gwada, domin baki ya bambanta. Da hannu ake ɗaure murfi, ba da filaya ba.

Kada ka cika tanki fal, bar ɗan wuri a sama domin mai yana kumbura da zafin rana. In bakin tankin ne ya tsage, kada a kai masa wutar walda yana warin fetur. Tururin da ya rage a tankin da babu mai yana fashewa.

Masu kwale-kwale mai inji a Kogin Haɗeja, ku ma wannan ya shafe ku. Murfin tankinku yakan zo da ɗan noti a tsakiya. A kwance shi lokacin tafiya, a ɗaure shi in za a ɗauki tankin ko a ajiye.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na JARDA da ke yankinsa.