Kula da Injin Dizal na Ƙaramar Mota

Injin dizal, wanda direbobi suka fi sani da injin gas, ya samo sunansa ne daga Bajamushen nan Rudolf Diesel, wanda ya kammala ƙera shi a 1897. Ba ya amfani da fulogi kamar injin fetur. Fistin ne ke matse iska cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai, wuta ta kama da kanta. Alal misali, ƙaramar motar Volkswagen Golf mai shan gas da aka fitar a 1976 tana da silinda 4, girman injinta lita 1.5, ƙarfinsa na doki 50, yana kuma matse iska fiye da ninki 20.

Saboda haka lafiyar wannan inji ta dogara ga zafi, da isasshiyar iska, da mai tsabtatacce. Direban da ke Tudun Wada a Jos shaida ne. Tsayin Jos daga teku ya kai mita 1,200, ga kuma tsananin sanyi a Disamba da Janairu. Da asuba ƙarfen inji yakan shanye zafin iskar, mota ta ƙi tashi. Maganinsa shi ne a murɗa makulli, a jira fitilar hita ta mutu kafin a tayar. Idan ta faskara, a sa bakanike ya gwada hitocin da batir. Kada a fesa fetur a bakin iska, domin yana lahanta fistin.

Haka kuma iskar tudu ba ta kai ta kwari nauyi ba, shi ya sa injin da ba shi da turbo yakan rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. In ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, sai baƙin hayaƙi ya biyo baya, mai ya ƙone a banza. Wajibi ne a riƙa duba ta.

Babban abokin gāba kuwa shi ne gurɓataccen mai. Ruwa yana sa tsatsa a famfon injekta, kananzir kuma yana hana shi santsin da yake bukata, gyaransa kuwa da tsada. A sayi mai a gidan mai amintacce, a riƙa tsiyaye ruwan matatar mai, a canza baƙin mai da bel ɗin tayimin a kan kari, gama in bel ya tsinke, fistin zai daki bawul, inji ya lalace.

Jama'a, mota jari ce, abincin iyali kuma yana rataye a kanta. Rigakafi ya fi magani.