Riɗin Garwa da ma'aunin Japan

Japan ƙasa ce mai cin riɗi ba dare ba rana. Suna barbaɗa shi a kan shinkafa, suna matsar mansa, suna niƙa shi a miya, amma abin da suke nomawa bai taka kara ya karya ba. Kusan duk wanda ke shiga tukunyarsu daga waje yake zuwa, kuma Afirka ce ke kai musu kaso mai tsoka, musamman Najeriya da Burkina Faso da Tanzaniya. Riɗin da ake aunawa a kasuwar Pitowa ranar Lahadi ko a Ngong, a yankin Garwa na arewacin Kamaru, yana iya ƙarewa a Osaka, sai dai sau da yawa ta hannun dillalan Najeriya yake bi, ya isa can ba da sunan Kamaru ba.

Mai wannan rubutu, wanda aikinsa shi ne tace riɗi da shirya shi don fitarwa, ya ga cewa ba farashi ne ke yawan kashe cinikin ba. Maganin ƙwari ne. Tun watan Mayun 2006 Japan ta kafa doka: duk maganin da ba a yanka masa iyaka ta musamman ba, kada ragowarsa a abinci ta wuce miligiram 0.01 a kilo. Wato giram ɗaya tak a cikin tan 100.

A nan ne ƙasar auduga take da babbar matsala. Tun 1974 da aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton, mai hedikwata a Garwa, manomin arewacin Kamaru ya saba da feshi, kuma ba laifinsa ba ne. Amma gonar riɗi tana maƙwabtaka da ta auduga, iska na kwaso feshin. Tankin feshi ɗaya ne a gida. Ragowar maganin da aka karɓa don auduga ba a son a yi asararsa. Daga nan a zuba riɗi a tsohon buhun taki, a jibge shi a sito ɗaya da waken da aka sa wa magani. Ido ba ya ganin komai, hanci ba ya ji, amma ɗakin gwaji a tashar Yokohama zai gani. Kwantena ɗaya da aka ƙi karɓa tana iya jawo a tsananta binciken kayan ƙasar gaba ɗaya, har na wanda bai ji ba bai gani ba. Danshi ma abin tsoro ne, domin tafiyar da nisa: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Duwala, sannan makonni a teku.

Ladabin zama da Japanawa ya fi wannan sauƙin koyo. Katin suna da hannu biyu ake miƙawa, da hannu biyu ake karɓa, a karanta, a ajiye a kan tebur, ba a cusa shi aljihun wando. Ƙarfe 10 na nufin a iso kafin 10. In suka yi shiru, tunani suke, kada a yi gaggawar rage kuɗi. In aka ce “zai yi ɗan wuya”, to an ƙi ke nan cikin kara, abin da Bahaushe da Bafulatani ba sa buƙatar a yi musu tafinta. Musulmi ya faɗi tun da wuri abin da ba ya ci da wanda ba ya sha. Za su kiyaye.

Manyan kamfanonin dillancinsu irin su Mitsui da Itochu ba sa yanke magana a zama ɗaya. Samfur za su nema tukuna, sannan ɗan oda kaɗan, kuma dole buhu na ƙarshe ya zama daidai da samfurin. Ƙungiyar manoman da ke son shiga wannan kasuwa ta fara da littafi: gonar wane ne, me aka fesa, yaushe, kuma a wane sito riɗin ya kwana.