Kafin ka ƙetara iyaka da bindigar farauta

Da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, wata tambaya takan riƙa yawo a majalisun Sabo da ke Mokola a Badun: maharbi yana da lasisi, abokansa na Jamhuriyar Benin sun gayyace shi farauta, ko zai iya ɗaukar bindigarsa ya bi ta Isehin da Shaki ya ƙetara? Amsa ita ce, lasisin da ke aljihunka, ɗan'uwa, ƙarfinsa a kan iyaka yake ƙarewa. Ɗan sandan Benin da zai tare ka a hanyar Paraku bai san Kwamishinan 'yan sandanmu da ke Eleyele ba, ba kuma da dokarsa yake aiki ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin ko Togo ko Gana ya yi kwana 90 ba biza. Mutum ta yafe wa, ba ta yafe wa makami ba. Mu kuwa mutanen Sabo, tun da aka kafa unguwar nan a 1916 fatauci muka gada, goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Badun, har ƙetare iyaka ya zame mana kamar shiga kasuwa. Wannan sabon ne ke jefa maharbi a rami.

Fara daga gida. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa makamai uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na yaƙi, da sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki biyu, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Sai bindigar toka da danginta da ake ɗura wa albarushi ta baki, su kuma Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da takardarsu. Duba taka: da sunanka take, ko ta marigayi mahaifinka ce? Wa'adinta bai ƙare ba? Lasisi ba ya bin gado, kuma katin ƙungiyar maharba ba ya tsayawa a madadinsa. Ka kuma sani a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka cikin mako guda, ka guje shi.

Dokar nan ba ta yarda a fita ko a shigo da bindiga da harsashi ba sai ta tashar ruwa, ko filin jirgi, ko garin kan iyaka da hukuma ta ayyana, kuma dole ka bayyana wa jami'an kwastan da bakinka. Ka nemi izinin fita da na dawowa a rubuce tun kana gida, don shigowa da ita ma wani sha'ani ne mai zaman kansa. Ɓarauniyar hanya a bayan ɗan acaɓa ta dajin Oke-Ogun ta mayar da kai mai fasa-ƙwaurin makamai ko da takardunka sun cika jaka, laifin da kan kai mutum ɗaurin shekara goma.

Sai ɗaya ɓangaren, wato ƙasar da za ka shiga. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta tanadi takardar baƙo: mai son shiga wata ƙasa da bindiga na ɗan lokaci zai rubuta tun kafin tafiya, ya faɗi dalilinsa, da irin bindigar, da lambar da ke jikinta. In an amince, a ba shi shaidar shiga, ranar fita ya sake bayyana ta. Ofishin jakadancin ƙasar shi ne ƙofar farko. Izinin shiga da bindiga daban, izinin farauta daban, kuma farautar tana da lokacinta da dazukanta. Nijar kuwa ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka mai nufin Maraɗi ko Dosso kada ya dogara da wannan tsari.

A nan ne maganar take tsayawa ga yawancinmu. Bindigar toka da maƙeri ya ƙera ba ta da lambar masana'anta. Me za ka rubuta a takardar? Shawarata ga mai irin wannan bindiga ita ce ya bar ta a gida, a cire ɗuri, a kulle nesa da yara, ko ya kai ta ajiya wurin 'yan sanda ya karɓi rasit. In farautar ta zama dole, a yi ta ƙarƙashin masu izini na can, waɗanda hukumarsu ta sani.

Ina nanata wannan ne saboda Uromi. A watan Maris na 2025, maharba 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah aka kashe su a Jihar Edo bayan 'yan banga sun ga bindigogin toka a motarsu. Allah Ya ji ƙansu. Ba su yi abin da ya halatta jininsu ba, ko iyakar ƙasa ba su ƙetara ba. Amma hanya ta canza, tsoron masu garkuwa da mutane ya cika zukata, ga shingayen 'yan sanda da na jami'an tsaron Amotekun a hanyoyin Oyo, ga Bahaushe baƙo ne a idon mai tsaron shingen.

Wanda takardunsa suka kammala, ya tafi da rana, bindiga ba ɗuri, a kulle cikin akwati, harsashi a wani wuri daban, adadinsa daidai da abin da aka rubuta. Ya riƙe asalin takardu, ya bar kwafi a gida, ya sanar da fadar Sarkin Hausawa da shugaban maharba hanyar da zai bi da ranar dawowa. A shinge ya riga jami'i faɗin abin da yake ɗauke da shi. Wajen dawowa kuma kada ya karɓi saƙon bindiga ko harsashin kowa, kada ya ɗauko hauren giwa ko fatar damisa, don su ma dokar kare namun daji ta 1985 ta hana, kuma kwastan na kama su.