Datsin Ƙasa Amana Ne a Bakin Komadugu

A Diffa ambaliya ba ta cika zuwa da damina ba. Sai sama ta ɗauke, an shiga Oktoba, sannan ruwan da ya sauka a ƙasar Kano da Bauchi ya biyo kogin Haɗeja da na Jama'are, ya iso Komadugu. Haka aka yi a 2019: kogin ya tumbatsa, ya cinye gonakin tattasai da shinkafa, ya raba dubban mutane da gidajensu. Ya sake a 2022.

Abin da ke tsakanin gari da wannan ruwa tudun ƙasa ne kawai, laka da aka jibge aka daddanne. Aikinsa ya tare ruwa, ya bar shi ya wuce ta hanyarsa zuwa tafkin Cadi.

Datsi kamar rumbun laka yake. Mai hankali yakan zagaya rumbunsa kafin hadari, ya shafa da hannu, inda ya ga tsaga ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe, inda ɓera ya haƙa ya toshe, don ya san ta ƙaramar kafa ruwa ke shiga ya ruɓar da geron shekara. To, ina hankalin wanda zai kai amalanke gindin datsi ya ɗebi ƙasar tubali? Ko mai lambun da zai fasa shi don ya zura tiyo, ya gama ban ruwa ya tafi abinsa? Ruwa zai bi wannan rami yana zaizayar ciki, waje kuwa lafiya lau, sai dare ɗaya ya ɓalle. Wanda ya yi haka ya ci amanar maƙwabta, kuma cutar da jama'a haramun ne, ko da cebur ɗaya aka yi ta. Madatsar Alau ta fi ta kowane ƙauye girma nesa ba kusa ba, amma da ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri.

Sauran kuwa sananne ne: kada a gina gida a fadama, kada a kora garke ta kan datsi, a tanadi buhunan yashi da wuri.

Duk wanda ya ga ruwa mai laka yana tsattsafowa ta bayan datsi, kada ya jira gari ya waye. Ya gaya wa mai unguwa a take.