Darasin Bayan Ganuwa

Ran Asabar, farkon kaka, malaminmu ya fita da mu bayan ganuwa. Muka tarad da gonakin gero biyu dab da juna. Ɗaya zangarniyarta ta cika, ɗaya kuwa ta ƙanƙance. Muka tambayi dalili. Wani dattijo ya ce rana ɗaya aka shuka su, aka yi musu firi tare, amma mai ta biyun bai yi maimai ba, ciyawa ta cinye ta.

'Yan'uwa, karatu ma haka ya ke. Lissafin da aka koya mini bara ban maimaita shi ba, ga jarrabawa ta matso. Daga yau kullum bayan la'asar sai na yi maimai, gama nufina in zama malami.