Yadda Ɗalibi Zai Haɗa Littafin Zanen Tafiye-tafiyensa a Masar

Ɗalibai da yawa kan shafe shekara huɗu ko biyar a Alƙahira, daga masaukin Madinatul Bu'us zuwa ɗakin lacca, daga ɗakin lacca zuwa masauki, su dawo gida da takardar shaida da waya cike da hotunan da ba wanda zai sake buɗewa. Ka tambayi mutum yadda hasumiyar masallacin Ibn Tulun take, sai ya hau laluben waya. Wanda ya taɓa zama awa guda yana zana ta kuwa, ba zai manta cewa matakalarta ta waje take zagaye ta ba. Wannan bayani na mai son yin irin wannan zama ne, ko da rabonsa da zane tun yana firamare.

Da farko, kayan aiki

Kada ka kashe kuɗin abincinka a nan. Je ka Fajjala, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, inda shagunan littattafai da kayan rubutu suke jere. Nemi littafin zane mai bango mai tauri, girman A5, wanda zai shiga jakar da kake zuwa makaranta da ita. Babban littafi yana da kyan gani a shago, amma ƙarshensa zaman ɗaki. Haɗa da fensir biyu, HB na shata layi da 4B na inuwa, da magogi, da ƙaramar rula, da kamfas irin na cikin gwangwanin lissafi, da alƙalami mai baƙar tawada wadda ruwa ba ya narkarwa. Idan kana sha'awar launi, ƙaramin akwatin fentin ruwa mai kala 12 da buroshi ɗaya sun isa, sai dai takardar ta zama mai kauri, wadda aka rubuta 300 a bangonta. Mara kauri kumbura take yi da zarar ta sha ruwa. Sai gam, don manna tikiti.

Sannan ka zaɓi abu ɗaya

Nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata. Yau a zana dala, gobe kwale-kwale, jibi kofin shayi, kafin wata ya ƙare an gaji an ajiye. Littafin da ke kai labari shi ne wanda mai shi ya ɗaure kansa da abu guda na zango ɗaya: ƙofofi kawai, ko hasumiyoyi, ko tagogin katako na mashrabiyya, ko rubutun Larabci da ke jikin gine-gine. Idan ka zana ƙofa ta goma, idonka ya riga ya san abin da zai nema, kuma a lokacin ne za ka fara ganin bambancin ginin Faɗimiyyawa da na Mamalik ba tare da wani ya faɗa maka ba.

Akwai ɗaliban da ba sa son zana abu mai rai saboda abin da suka karanta a fiƙihu. Alƙahira ba za ta takura su ba ko kaɗan. Masu adon masallatanta sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da layi da ganye da harafi, kuma har yau ba a gama kallon abin da suka bari ba. Wanda ya taso yana ganin allon zayyana da aikin wuyan babbar riga ba baƙo ba ne a wannan fage.

Zaman farko

Ni dai shawarata a fara da Ibn Tulun, wanda aka kammala a shekarar 879. Dalili shi ne yana da faɗi, farfajiyarsa ta kai wajen mita 90 kowane gefe, ba cunkoso, kuma layukansa a miƙe suke. Je da sassafe a ranar da ba ka da lacca. Gai da mai gadi, nuna masa littafin da fensir tun a bakin ƙofa, domin wanda ya san abin da ya kawo ka ba zai zo ya tsaya a kanka ba. Sami inuwa, jingina da ginshiƙi, ka yi minti biyar kana kallo kafin fensir ya taɓa takarda.

Ga yadda ake awo. Miƙe hannunka sosai, fensir a tsaye, rufe ido ɗaya. Daidaita kan fensir da ƙololuwar bakan ƙofar da kake kallo, ka zame babban yatsanka zuwa inda ginshiƙin ya taɓa ƙasa. Wannan tazara ita ce ma'auninka. Kwantar da fensirin ba tare da ka motsa yatsa ba, ka ga sau nawa faɗin ƙofar ya shiga cikin tsawonta. Abin da ka samu shi za ka sa a takarda, ko da zuciyarka tana ce maka ƙofar ta fi haka tsawo. Gwiwar hannu kada ta lanƙwashe, in ta lanƙwashe awon ya tashi.

Daga nan ja layi mara nauyi a kwance, daidai inda idonka yake. Duk layin gini da ke sama da shi, in yana nisa da kai, gangarowa yake yi. Wanda ke ƙasa da shi haurowa yake. Shata manyan siffofi tukuna: akwatin bango, bakan ƙofa, ƙubbar da ke tsakiyar farfajiya. Ado shi ne na ƙarshe, kuma ba dole ka cika shi duka ba. Taga ɗaya da aka zana da kyau ta wadatar, sauran a nuna su da ɗan layi. Sa inuwa da 4B cikin minti goma, a gefe guda, domin rana ba ta jiranka. In ka yi jinkiri za ka tarar inuwar farkon shafi da ta ƙarshensa suna kallon juna.

Kafin ka tashi, rubuta kwanan wata, wuri da lokaci a kusurwa, da jimla ɗaya ko biyu: abin da mai gadi ya ce, ko kurciyoyin da suka tashi lokacin kiran sallah. Kada ka yage shafi don ya yi muni. Bayan wata uku ka koma wurin nan, ka zauna a gindin ginshiƙin nan, ka sake zana abu ɗaya.

Tauraro mai tsini 12

Adon da ke jikin mumbarin masallacin Ibn Tulun, wanda Sarki Lajin ya sa aka yi a 1296, da na ƙofofin madarasar Sultan Hassan, yakan tsorata mai kallo. Amma gindinsa kamfas ne da rula, kuma wannan aikin ɗaki ne na daren da aka gaji da hadda.

Zana da'ira. Ja layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, su ratsa ta tsakiyarta. Ka sami ɗigo huɗu a bakin da'irar. Kada ka taɓa buɗin kamfas. Kafa allurarsa a kan ɗigo na farko, ka yi alama a bakin da'irar ta dama da ta hagu. Maimaita haka a sauran ukun. Yanzu ɗigonka 12 ne, tazararsu ɗaya. Ɗauki rula, haɗa ɗigon sama da na biyar daga gare shi, daga can ka ƙirga biyar ka sake haɗawa, kana bin gefe ɗaya. Layi na 12 zai dawo da kai inda ka fara. Bi sassan da kake so da tawada, bari ta bushe sarai, sannan ka goge fensir. In ɗigon ƙarshe bai faɗa inda ya kamata ba, kamfas ɗin ne ya saki. Ɗaure sukurunsa ka sake.

Da wannan a hannunka sai ka tafi Gidan Tarihin Fasahar Musulunci da ke Bab al-Khalƙ, ka tsaya gaban allunan katako, ka nemo tauraron tsakiya ka ƙirga tsininsa. Daga ranar kallonka ya canza.

Fita yawo

Cikin gari, titin Mu'izz kaɗai zai ci zango guda: daga Bab al-Futuh na 1087, ta gaban ginin Ƙalawun, har Bab Zuwaila na 1092, inda ake hawa hasumiyoyin da ke kansa da tikiti. Safiyar Juma'a kafin shaguna su buɗe ita ce lokacin. Ƙetare Bab Zuwaila kaɗan ka shiga rumfar Khayamiyya, inda maɗinka ke zaune suna yanka ƙyalle suna ɗinka shi kan wani da allura. Nemi izini kafin ka kwafi zanen mutum, sana'arsa ce, kuma kyautatawa ce ka sayi ko ɗan ƙaramin abu.

Tafiya mai nisa a bar ta sai hutun tsakiyar shekara, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, lokacin da sanyi ya sa ana iya zama a waje. Iskandariyya tafiyar kusan awa uku ce a jirgin ƙasa, ga ganuwar Ƙaitbai a bakin teku. A Fayyum akwai ƙauyen Tunis, inda Evelyne Porret, maginiyar tukwane 'yar Suwizalan, ta buɗe makarantar da ta koya wa yaran ƙauyen sana'ar. A Harraniyya, kan hanyar Saƙƙara, masaƙan cibiyar Ramses Wissa Wassef suna saƙa hoto kai tsaye daga ka, ba zanen da suke bi. Riƙe katin ɗalibi da iƙamarka a jiki. A wuraren tarihi tikitin ɗalibi yawanci rabin kuɗi ne.

Abu biyu ba wasa a cikinsu. Kada ka zauna da littafi ko ka ɗaga waya kusa da barikin soja, ofishin 'yan sanda ko shingen bincike. Kuma kada ka tsinci ɓallin tsohuwar tukunya ko dutse a wurin tarihi don mannawa a shafi. Dokar kare kayan tarihi ta 1983 ba ta san ƙarami ba. Tikiti da ganyen bishiya sun ishe ka. Ɗalibai mata kuma za su fi samun natsuwa in sun fita su biyu ko uku, su zauna cikin farfajiyar masallaci ko lambun Azhar, inda ba mai leƙa musu takarda kowane minti.

Adanawa

Fensir mai laushi yana shafar shafin da ke fuskantarsa, saboda haka sa siririyar takarda a tsakani. Ƙurar Alƙahira, musamman in iskar khamsin ta taso daga Maris zuwa Mayu, tana shiga ko'ina, don haka littafin ya kwana cikin leda mai zif. Duk ƙarshen wata ka shimfiɗa shi kusa da taga, ba cikin rana ba, ka ɗauki hoton kowane shafi daga sama, ka tura wa kanka ta imel. Ranar komawa gida, littafin ya shiga jakar hannu, manyan takardu a naɗe su cikin bututun kwali, kamfas da rezar fiƙe fensir kuwa su bi babban akwati, in ba haka ba a karɓe su a wurin bincike.